Dami Bakwai na Irin Manzo

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar Manzo, Allah ya jiƙansa. Lissafin ba ya ɓace mini, domin a shekarar da rana ta yi husufi ne, da farkon damina, muna tsakiyar noman farko. Duk wanda ke tsakanin Dungas da Dogo-Dogo a lokacin yana tune da ranar. Hasken tsakar rana ya dusashe ya koma kamar na la'asar sakaliya, iska ta yi sanyi, mata suka fito suna buga ƙwarya, liman ya tara mutane salla. Ni da Manzo muna gona, muka fake gindin wata aduwa. Ni ina ɗaga kai sama ina salati, shi kuwa ya durƙusa yana kallon ƙasa, inda hasken da ke ratsowa ta cikin ganye ya zama ƙananan jinjirin wata birjik a kan yashi. Halinsa ke nan, inda kowa ya duba ba nan yake dubawa ba. Kwana tara bayan haka ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi. Kwana huɗu ya yi, muka kai shi makwancinsa.

Mushen, wato malamin boko, da ke koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci ya ce duk mai abin faɗa ya rubuta a kai jaridarmu. Shekara uku ina zama kan tabarma da allo da alli, ga furfura a gemu, kafin hannuna ya yarda ya yi doguwar takarda. Wannan ta ɗauke ni kwana goma sha ɗaya. Akwai laifina a cikin labarin, kuma zan faɗe shi yadda yake, tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Manzo ɗan gwaggona ne, wato taubashina. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka ko da ya girme ni da shekara tara, bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini ubangidan da ba shi da wando biyu. Gonakinmu a haɗe suke, layin gamba ne kawai ya raba su. Tun muna samari ba mu taɓa wuni a gona ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba, kuma yawancin tsokanar a kan shibra take.

Manomin gero ba ya bukatar a gaya masa mece ce shibra. Ga wanda ya tashi a birni, ita ce mai kama da geron nan da ke fitowa tare da shi a gindi ɗaya, ta sha ruwansa, ta ci takinsa, ta riga shi fitar da kai, kafin a zo girbi ta kakkaɓe ƴaƴanta a ƙasa. Zangarniyarta siririya ce mai gashi, ƙwayarta ƙanana. Lokacin cira, sa'ad da ake rage tsiro a bar uku ko huɗu a kowane gindi, kowa na ƙoƙarin tumɓuke ta. Duk da haka, gero na yin kai sai ka gan ta tsaye a tsakiyar gonarka kamar an gayyace ta. Wasu na cewa gero ne ya lalace ya koma daji. Wasu na cewa wayo gare ta, ɓad da kama take yi.

Wata shekara, tun gujiya na da daraja a Magarya, Manzo ya tattaro ƙwayar shibra daga wuri biyu. Ɗaya daga bakin tabkin da ke arewa da gari, inda hauya ba ta taɓa shiga ba. Ɗaya daga tsohon gandun kakanmu, wanda ake nomawa tun kafin zuwan Nasara. Ya shuka su bayan danga layi-layi, ya sa layukan gero na gaske a tsakani, bai gaya wa kowa wanne ne wanne ba. Da suka yi ganye huɗu, ya kira mu bayan sallar la'asar, mu shida, duk masu gemu, har da liman.

"To, ubangidana," in ji shi, "kai da ke cewa idonka ya fi na shaho, cire mini shibra."

Na ce, "Tun yaushe bawa ke aiken ubangidansa? Amma don in kunyata ka gaban Malam, zan yi."

Ta bakin tabki ko durƙusawa ban yi ba na nuna ta. Ganyenta siriri, gindinta ja-ja, ta baje kamar ciyawa. Ta gandu kuwa na tsallake ta, na je na tumɓuke layin gero sukutum. Sauran biyar ɗin ma ba wanda ya fi ni. Manzo ya yi dariya har sai da ya dafa danga.

"Madalla da shaho," ya ce. "Ka kashe ɗan gida, ka yi wa ɓarawo shimfiɗa."

Abin da ya gaya mana a ranar na riƙe shi, ko da yake a lokacin don in sami abin ba'a na riƙe. Ya ce shibra ba ta da wayo ko kaɗan. Cikin ƴaƴan da uwa ɗaya ta zubar, wasu sun fi wasu kama da gero, kamar yadda cikin ƴaƴan mutum ɗaya wani ke fin wani tsawo. Wadda kamarta ta yi nisa da gero, hannu ya same ta tun tana ƙarama, ta tafi ba ta bar baya ba. Wadda kamarta ta yi kusa ta tsira, ta zuba ƴaƴa, ƴaƴan suka ɗauko ta, tun da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Baɗi a sake, baɗin baɗaɗa a sake. Kakanmu ya cire, iyayenmu sun cire, mu muna cirewa, kowannenmu yana bar wa na bayansa wadda ta fi iya ruɗinsa. Ta bakin tabki ba wanda ya taɓa cire ta, shi ya sa ta zauna da kamarta ta dā.

"Hannunmu rariya ne," in ji shi. "Rariya ba ta san gari ba, ba ta san tsaki ba. Mai wucewa ya wuce, mai tsayawa ya tsaya."

Liman ya ce a yi hankali da harshe, halitta ta Allah ce. Manzo ya ce, "Allah gafarta Malam, ai rariyar ma shi ya yi ta." Liman ya shafa gemu ya yi murmushi, ya ce wannan kam haka ne.

Shi kaɗai ne a garinmu ke iya bambance su tun suna ganye uku. Yatsa biyu yake sawa ya shafi gindin ganyen, ya ɗan murza, ya ce wannan ce. Cikin goma yakan dace a takwas ko tara. Ban taɓa tambayarsa me yatsun nasa ke ji ba. Nakan ce ubangida ba ya koyon sana'a wajen bawansa, mu yi dariya mu wuce.

Daga wannan tunanin ya samo yadda yake ajiye iri. Mu dai al'adarmu, in an kawo damma gida, sai a zauna bakin rumbu a zaɓi zangarniyar da ta fi tsawo da kauri a ce ita ce iri. Nawa geron zango ne, zangarniya ta kai kamu biyu, in na ɗora dami a kan jaki sai mutane sun waiwayo. Manzo kuwa yakan ce fari ma rariya ne, kuma idanunsa sun fi na hannunmu ƙanƙanta. Shekarar da ruwa ya wadata ba ya damuwa sosai. Shekarar da ruwa ya yi gardama, a nan yake bin gona gindi-gindi, duk wanda ya jure, ya riga ƴan'uwansa yin kai, ya cika ƙwaya, sai ya ɗaura masa kaba. Waɗannan yake yankewa daban. Yakan ce shi ɗan kala ne kawai, yana bin bayan fari yana tsintar abin da ya bari.

Shekara ashirin da biyu yana wannan. Geronsa ya koma gajere, zangarniya ba ta wuce ɗani ɗaya da rabi ba, ƙwaya ƙanana masu ruwan toka, amma yana riga nawa nuna da kusan kwana ashirin. Na sa masa suna wutsiyar kusu, sunan ya bi gari. A kasuwar Dungas nakan ce kada a ajiye daminsa kusa da kyanwa. Bai taɓa fushi ba, sai ya ce, "Ci gaba, ubangidana, damina na da kunne." Kuma ban da wanda ya shuka, kullum yana da irin ajiya a rumbu, saboda shekarar da shuka za ta mutu a sake.

Ranar sadakar bakwai ni ne babban namijin da ya rage cikin dangi na kusa, don haka ni na shiga rumbunsa in fito da abin da za a yi gumba da fura. Matarsa Tsahara tana ɗaka cikin takaba, mata sun kewaye ta. Na tarar geron ci ya yi ƙasa, da ƙyar zai kai ƴaƴansa huɗu zuwa kaka. A sama, rataye jikin itacen rufi, ga ƙananan damma bakwai, kowanne ɗaure da kaba. Na san ko mene ne, ba zan ce ban sani ba. Na tsaya cikin rumbun na yi tunanina. Gonarsa an shuka, ta tsiro, ta yi kyau. In ma ta kama a sake shuka, ga zangona a gida. Gara in bar wa marayu abincinsu in fitar da wutsiyar kusu, baɗi ma su huta da gori. A raina alheri nake yi. Na sauko da su duka bakwai na miƙa wa masu sussuka.

Da azahar aka kai wa Tsahara gumba a ƙaramar ƙwarya. Ta dubi launinta, ta aiko a kira ni. Na tsaya bakin ƙofa, ita tana bayan asabari.

"Isufu, wane gero aka daka?"

Na gaya mata, na kuma gaya mata dalilina, har da maganar zango. Ina jin ƙarar ludaya cikin ƙorai daga ƙofar gida.

"Allah ya kai ladan kabarinsa," in ji ta. "Amma shekara ashirin da biyu ka ba mutane suka shanye da ludayi."

Daga wannan makon ruwa ya ɗauke. Kwana ashirin da uku ba ɗigo, sai iska mai yashi tana yankar tsiro kamar aska. Gonakin gari suka ƙone, tawa da tasa duka. Da ruwa ya dawo muka sake shuka, na zuba zangona a gonata da tasa. Ya tashi da kyau, ganye fato-fato, har na fara jin Tsahara za ta ga gaskiyata. Sai ruwa ya tafi tun lokacinsa bai yi ba, bai sake waiwayowa ba. Zango yana cikin fitar da kai ya tsaya. Zangarniya kamu biyu, ka murza a tafin hannu ka hura, ba abin da zai saura. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Da irin ajiyar Manzo muka sake shukawa, da ya nuna? Shekara biyar ina juya tambayar nan. Sanin gaibu sai Allah. Abin da na gani da idona shi ne, a gonarsa, cikin shukar farkon da muka ɗauka ta mutu duka, akwai gindi nan da can da suka lanƙwashe kamar sun bushe, ruwa na dawowa suka miƙe. Na ƙirga su daga baya, ɗari da goma sha huɗu. Su kaɗai suka cika ƙwaya a duk gefenmu na gari. Kusan rabinsu shibra ce, domin ciwo ya kama shi bai gama cira ba, ni na ƙarasa, kuma yatsuna ba nasa ba ne. Ita ce ma ta fara nuna. Matata da sauran matan gida suka riƙa bin ta, da ita da wadda ta fito da kanta a wasu gonaki, suna karkaɗe ta a ƙwarya ana dama wa yara kunu. Abin da muke zagi tun muna samari shi ya fara ba mu abinci a shekarar. Sauran, geron na gaske, na ɗaura masa kaba da hannuna, na yanke, aka sussuke, ya ba da tiya uku.

Tsahara ta fita takaba bayan kaka. Ta karɓi tiya ukun, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Ranin da ya biyo baya ba sai na ba masu karatu labarinsa ba, kowa yana da nasa. Mun ci jar dawar taimako da kamyo, wato manyan motocin kaya, ke kawowa Magarya, in ta iso gare mu. Mun ci anza da ganyen jiga. Da bazara baƙon dauro ya shigo gari, ya tarar da yara ba ƙarfi. Autar Manzo, Rabi, ta kwanta. Cikinta ya ƙi jar dawa, duk abin da aka ba ta sai ya dawo. Na je na tsaya a wannan ƙofar dai.

"Tsahara, a buɗe tulun nan."

"Na riga ka tunani," ta ce.

Ta fasa lakar, ta auni tiya ɗaya, ta mai da biyu, ta kwaɓa wata lakar ta liƙe. Na so a ce ta auni fiye da haka. A gidan nan ni ne mutumin da ba shi da bakin magana a kan iri. Rabi ta sha kunun geron ubanta kwana shida, cikinta ya karɓa, har rana ɗaya ta tashi zaune da kanta. Rana ta bakwai ta bi ubanta. Ragowar tiyar ƴan'uwanta suka sha. Ajali dai ba ya wuce lokacinsa. Amma da dami bakwai ɗin nan sun shiga ƙasa maimakon ludayi, ban san da wane ƙarfi ciwon zai same ta ba. Ni da Tsahara ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Tiya biyun nan muka shuka da ruwan farko na shekarar da soja suka karɓi mulki. Yau gida goma sha ɗaya ke shuka shi, har wani ya taso da jaki daga Yekuwa neman tiya guda. Ɗan Manzo ake ce masa. Ba mai cewa wutsiyar kusu sai ni, in na shiga gona ni kaɗai.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin yanzu. Na san da garke zai fara. Manyan shanun da muke alfahari da su su suka fara faɗuwa. Awakin da suka tsira kuwa ƙananan nan ne masu cin kowane ganye har da ƙaya, kuma yawancin ƴan awakin da ke yawo a gari yau jikokinsu ne. Zai tsaya ya dube su ya ce, ubangidana, ka ga rariya ta bi ta nan ma.

Bara wani malamin gona ya zo mana da sabon iri a buhu, mai saurin nuna, da jar hodar da ake cuɗa iri da ita. Na yi masa abin da Manzo ya yi mana, layi-layi bayan danga. Ya cire gero ya bar shibra, kamar kowa. Bai ji haushi ba, ya zauna ya ciro kaye, wato littafin rubutu, yana rubutawa. Ya ce a makarantar da ya yi an koya musu wannan da Faransanci, kuma masana sun ce abin bai tsaya kan gero da shibra ba. Tsuntsu da kifi da ƙwaro da itace, duk mai rai da ke haihuwa, ƴaƴansa ba sa fitowa iri ɗaya sak. Wurin zamansu yana tace su, wanda ya dace da wurin ya fi barin baya, in zamani ya yi tsawo ƙwarai har iri ya sauya kama ya zama wani dabam. Ya ce shi kansa gero, asalinsa ɗan'uwan ta bakin tabkin nan ne. Wannan dogon zamanin ban gan shi ba, ba zan yi shaida a kansa ba. Shekara ashirin da biyu da biyar na gani, kuma abin da na gani bai saɓa wa maganarsa ba. Na ce masa wanda ya koya mini bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Ya ce ya so a ce ya same shi da rai. Na ce, da ka sha ba'a.

Akwai kuma abin da Manzo bai gani ba. Tun bayan farin, murzuna ta yi yawa, tsutsar nan da ke zagaya zangarniya tana yanke furenta. Geron da ya riga fitar da kai shi take fara samu, wato nasa. Saurin da ya fid da shi daga fari shi ke kai shi bakin tsutsa. Bara waccan ta yi mana ɓarna sosai, amma na lura zangarniyar da ƙwayarta ta matsu da juna ta fi tsira. Ashe rariyar ba ɗaya ba ce, kuma ba ta yi wa kowa alkawari ba. Da yana nan ba zama zai yi yana baƙin ciki ba, kaba zai nema ya shiga gona. Ni ma abin da nake yi ke nan, sai dai ni ina haɗawa da kaye. Ina rubuta ranar shuka, da ranar da kan farko ya fito, da gindi nawa tsutsa ta bari. Abin da ya kai ni aji da furfurata ke nan. Na ga yadda ake binne abin da ke cikin yatsun mutum tare da shi.

Geron ma ba shi ne daidai wanda ya bari ba. Iska na kawo masa garin fure daga gonakin maƙwabta, zangarniyar ta ɗan ƙara tsawo, tsutsa na rage wasu tana barin wasu. Da zai dawo yau, sai ya murza a hannu kafin ya gane nasa. Ina jin wannan ba zai dame shi ba, don bai taɓa cewa ya gama ba. Abin da ya rage nasa shi ne gero a rumbu goma sha ɗaya, da ƴaƴa uku da suka iya ɗaurin kaba, da wata sabuwar al'ada a garinmu, cewa irin da aka rataye ba a taɓa shi ko don sadaka. Liman da kansa ya faɗi haka a masallaci, bai ambaci sunana ba, na gode masa. Tulun yana hannun Tsahara har yau. Kowace shekara in hadari ya fara haɗuwa a gabas, ni nake zuwa ƙofarta da ƙwarya ta auna mini.

Mushe ya ce mai rubutu ya rufe da abin da ya tabbata. To ga abin da gidajenmu biyu suka rasa tsakanin husufin nan da ruwan shekarar da ta biyo. Shanu huɗu. Jaki ɗaya. Awaki goma sha ɗaya cikin goma sha huɗu. Dami bakwai na iri, waɗanda fari bai taɓa ba, ni na sauko da su da hannuna. Yarinya ɗaya, Rabi, shekararta uku. Da mutum ɗaya mai gane shibra tun tana ganye uku, wanda na yi shekara talatin ina noma kusa da shi ban tambaye shi yadda ake yi ba.